Fatarin Dogon Famfo

Ran Talata ya shigo shagona a Fagge,
ya sunkuya kada ƙofa ta gaishe shi a goshi.
Kalum sunansa, injiniyan ruwa a Tamburawa,
mu Dogon Famfo muke ce masa a bayan ido.

Ya ɗora tsohon hoto kan keken ɗinki:
dattijo mai gemu, gwiwa a waje,
zane mai gida-gida ya ɗaure masa ƙugu.
Ya ce, "Irinsa nake so kafin ɗaya ga Yuli."
Nafi'u yarona ya faɗa bayan labule,
dariya na cinsa har allura ta rama.
Namiji da fatari!

Na ce, "Bikin me?"
Ya ce, "Ranar ƙasarmu, Kanada."
Na ce, "To, kayan Kanada ke nan?"
Ya ce, "A'a, na Sikotilan ne,
inda kakan kakana ya baro
da akwati ɗaya da tari a ƙirji."
Na ce, "Ka taɓa zuwa?"
Ya ce, "Sau ɗaya. Kwana shida ana ruwa."

Kwana uku na yi ina tsefe Kantin Kwari,
neman kore da shuɗi da siririn ja a tsakani,
sai Alhaji Ɗankaka ya tono min a ƙasan dila
yadin da kasuwa ta manta da shi.
Yadi takwas, don abin da bai rufe ƙwauri ba!
Ninki bisa ninki, dutsen guga na huci,
aka ɗauke wuta, na ƙarasa da fitilar waya.

Su bakwai na tarar a Bompai ran bikin,
hadari na haɗowa ta gabas.
Tutarsu a reshen mangwaro, fari da ja,
ganye ɗaya tak a tsakiya,
kamar bishiyarsu duka ta aiko shi wakili.
Ga tsire daga bakin titi,
ga waina an kwarara mata zumar itace;
na ci don kara, na ƙara don daɗi.

Sai ya fito cikin ɗinkina,
da algaita mai salka a hammata.
Farko ta yi kukan akuyar da aka taka,
mai gadi ya miƙe yana neman sanda.
Can sai muryar ta miƙe sambal,
doguwa, ba numfashi, ba waiwaye,
irin kiran da ake yi wa wanda ya yi nisa
ana sane ba zai juyo ba.
Ruwa ya sauko, ba wanda ya nemi rumfa.
Fuskarsa jiƙe; ban tambaya ba
ko sama ce ko shi.

A keke na dawo, ina lissafi da unguwanni:
Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi,
kowacce baƙo ne da ya sauke kaya ya ce nan.
Ni ma ɗan Agadasawa ne.
Kakana Attahir da raƙumi ya shigo, da gishiri,
bai koma ba, bai kuma daina duban arewa ba.
Ni ko kalma ɗaya ta harshensa ban riƙe ba.

Da dare na buɗe adakar Inna.
Can ƙasa, bayan takardun gida da tsohon carbi,
rawaninsa na kwance, baƙi mai sheƙi.
Na taɓa shi, ya bar min shuɗi a yatsu,
shekara sittin bai gama magana ba.

Ɗaya ga Oktoba na tafe.
Zan ɗaura kore da fari a ƙofar shago,
in naɗa wannan, ko da a karkace.
Nafi'u, ga labule can,
sai dai ka kula da allura.